Shekarar Da Aka Kai Hadiza Achika

Cikinku babu wanda bai taɓa jin wani abu ba game da dalilin da ya sa Hadiza ta tashi a Achika ba a gabanmu ba. Na san abin da ake faɗa. Wasu sun ce mahaifiyarku ce ta ƙi ta tun tana cikin zanen goyo, wasu sun ce ni ne na bayar da ita saboda aikin gwamnati ya fiye mini 'ya'yana. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni ma ga shi sai na kai takarda dab da hancina nake ganin layi. Mahaifiyarku Rakiya, Allah ya jiƙanta, ta roƙe ni kada in tayar da zancen muddin tana raye, na kuwa riƙe mata alkawari. Yanzu zan faɗa muku yadda aka yi, kai Nasiru da ke Sa'adatu, amma musamman ke Hadiza.

A wancan lokaci ina aiki a tashar waya da ke kan tudu a bayan garin Wudil. Ku kun san wurin a matsayin kango, amma da can dogon ƙarfe ne tsaye da manyan faifai biyu a samansa, ɗaya yana kallon Kano ɗaya yana kallon gabas, a ƙarƙashinsa kuma ɗaki guda cike da na'urori da batura, sai rumfar janareto a gefe. Duk wanda ya buga waya daga Kano zuwa garuruwan gabas, ta ɗakin nan muryarsa take bi. Ni kaɗai ne ma'aikaci a wurin, sai wani tsohon maigadi. In na'ura ta tsaya, layi ya mutu gaba ɗaya, a duk inda nake kuma sai an nemo ni, ko masallaci ko wurin jana'iza. Shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa ne. Manyan motoci ɗauke da siminti suna wucewa ta kan gada ba dare ba rana, samari sun bar gona sun tafi birni leburanci, wanda ka sani jiya yana dakon buhu yau sai ka gan shi ɗan kwangila. Ni abin da ya same ni daga wannan arziki babur ne da kwanon rufi. Abin da ya rage kuma littattafai suke cinyewa. Duk sanda na shiga Kano kai rahoto sai na biya wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, in tsugunna in yi ta tona, na Hausa da na Turanci, na labari da na ilimin lantarki, har da waɗanda ban san me zan yi da su ba. A wani akwatin katako da aka kawo na'ura a ciki nake tara su, a ƙarƙashin gado.

Mahaifiyarku ba ta yi boko ba, amma ta fi ni son labari. Bayan la'asar, in na dawo, takan shimfiɗa tabarma a gindin bango tana tsince shinkafa ko tana yi wa Sa'adatu kitso, ni kuma ina karantawa ina mayar mata da Hausa. Ba ta barin mutanen cikin littafi su wuce haka nan. Sai ta tsayar da ni ta ce wance ba ta kyauta ba, ko wane wawa ne da ya yarda. Wani lokaci mukan yi musu a kan mutumin da ba a taɓa haifa ba har tuwo ya kama. Ina so ku riƙe wannan hoton nata, domin ku ba ku san ta a haka ba. Ku kun san mace mai shiru wadda hannunta ke rawa in ta ɗauki kofi. Ba haka na auro ta ba.

Haihuwar Hadiza ta zo da sauƙi, da damina, aka yi suna lafiya. Mahaifiyata, wadda kuke kira Inna, ta zo daga Lajawa don wankan jego. Ba a daɗe da suna ba Rakiya ta fara canzawa. Ta daina barci, ta daina taɓa kunun da ake dama mata. Sai ta zauna ta ƙura wa jaririya ido kamar ba ta san daga inda aka kawo ta ba. In yarinya ta yi kuka, sai Inna ta ɗora mata ita a cinya ta riƙe kan, sannan za ta sha nono. Wata rana na dawo na tarar ta kwashe kayan jaririya duka ta wanke, ta shanya, ta kwashe, ta sake wankewa, har tafin hannunta ya saɓule. Na tambaye ta ko lafiya.

"Malam, akwai abu a jikin yarinyar nan," in ji ta. "Ba ya fita."

"Wane irin abu?"

"Kai ba za ka gani ba."

Inna ta tofa mata addu'a, aka karɓo rubutu, aka yi turare. Ni kuma na jawo akwatina na fito da wani babban littafin kiwon lafiya da na saya ba don komai ba sai don arha. A can wajen ƙarshe na sami 'yan layuka a kan wata cuta da kan kama wasu mata bayan haihuwa, ta taɓa musu tunani, wai kuma ana samun sauƙi in an je asibiti. Iyakar abin da littafi ya ba ni ke nan. Bai gaya mini yadda zan yi da Inna ba, wadda ta shigo ta gan ni da shafi buɗe, ga hoton cikin mutum da hanji a waje.

"Ka gani ko," ta ce. "Mace da ɗanyen jego tana kwana a kan irin waɗannan abubuwa. Me zai hana a shige ta? Ka fitar mini da su daga gidan nan."

Ban yi musu da ita ba. Washegari na ɗaure akwatin a bayan babur na kai shi tasha, na ajiye a kusurwar rumfar janareto.

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, gari ya cika da shanu da baƙi. Da hantsi maigadi ya zo ya ce ƙararrawar na'ura tana ta kuka, layi ya ɗauke. Na leƙa ɗaki na ga Rakiya a kwance ta juya wa ƙofa baya, Inna kuma tana shirin leƙawa kasuwa sayen kanwa, ta ce ba za ta daɗe ba. Na tafi. Ina durƙushe a bayan na'ura da abin auna wuta a hannuna, sai na ji ana sallama a waje. Malam Ilu ne, masunci, maƙwabcinmu, wandonsa jiƙe har ƙugu. Ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi aiki, sannan ya ce in zo gida, iyalina lafiya lau suke amma in zo. A hanya ya gaya mini. Yana gyaran koma a bakin kogi, can ƙasa da inda mata suke wanki, sai ya hango mace da goyo tana shiga ruwa. Ya ɗauka ɗiba za ta yi, amma bai ga tulu a hannunta ba. Kogi kuwa ya kawo, ruwan ja wur. Kafin ya kai gare ta ruwa ya wuce cibiyarta, ƙafafun jaririya sun fara taɓawa. Ya ce da ya riƙo hannunta ba ta yi gardama ba, ta dai dube shi ta ce wanke yarinyar za ta yi.

Hadiza, wannan shi ne abin da aka ɓoye miki, shi ne kuma wanda masu ba da labari suka ji ƙanshinsa suka mayar da shi ƙiyayya. Ba ƙin ki ta yi ba. A cikin hankalin da ciwo ya bar mata, ceton ki ta tafi yi.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai Achika. Washegari kakanku na wajen uwa, Malam Ɗanjuma, ya iso da babbar 'yarsa Dije, wadda kuke kira Gwaggo. Muka zauna a zaure, shi a kan buzu, ni a ƙasa na sunkuyar da kai. Mutum ne mai sanyin magana, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Malam Habu, ba rigima ta kawo mu ba," ya ce. "Abin da ya sami yarinyar nan ba na asibiti ba ne. Akwai wani mutum a gabas da mu, aikinsa ke nan. Ka ba mu ita mu kai ta, in ta warke mu dawo maka da ita."

Na san gidan da yake nufi. Shekarun baya, lokacin muna jan waya ta wannan yanki, na taɓa shiga neman ruwan sha. Na ga mata uku a wata rumfa, kowacce da mari a ƙafa an ɗaure ta jikin turke, ga shatar bulala a bayan ɗaya, ga hayaƙin barkono da ya sa ni kaina na fito ina tari. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ban manta ba.

"Baba, ka yi mini aikin gafara," na ce. "Duk abin da ka umarce ni zan yi, ban da wannan. Ina so in kai ta asibiti a Kano."

"In ta sake komawa kogi fa? Kai kana can wajen ƙarfenka."

"Ba zan sake barin ta ba."

Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Matarka ce, ba zan ƙwace ta ba. Amma jaririyar ba za ta sake kwana kusa da ita ba. Wannan kuma ba shawara nake nema ba."

Gwaggo Dije a lokacin ba ta daɗe da binne ɗanta ba. Haihuwarta huɗu, babu wanda ya kai yaye, na ƙarshen kuma ya bar ta da nono yana zuba. Tana zaune a bakin ƙofar cikin gida tana jin mu. Na duba ta kowane gefe ban ga wata hanya ba. Inna ta tsufa, madarar gwangwani kuma a irin ruwan da muke sha na ga yadda take kashe jarirai. Na ce na amince, zuwa lokacin da uwar za ta sami lafiya. Dije ta shiga ɗaki ta ɗauko ki. Rakiya tana zaune a bakin gado tana kallo, ba ta miƙa hannu ba, ba ta tambaya ba. Ni na riƙe miki zane Dije ta goya ki, na raka su har tashar mota.

A asibitin Kano wani likita baƙo ya duba ta, da tafinta a tsakani. Ya yi tambayoyi, ya ce ciwon sananne ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce mu riƙa dawowa, kada kuma a bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. Maganin ya kwantar da ita, amma ya yi mata nauyi. Harshenta ya yi kauri, yawu yana zuba, hannu yana rawa, tana tafiya kamar mai ɗauke da kaya. Inna ta ga haka ta ce an ƙarasa ta. Ni ma akwai ranakun da na yi zaton haka.

Ana cikin wannan sai shugabanmu na Kano ya zo tasha da kansa. Injiniya muke ce masa, mutumin kudu ne amma ya daɗe a arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya zagaya ya duba batura, sannan ya zauna a kan benci ya ce albishir ya kawo mini. Gwamnati ta sayi sababbin na'urori masu aiki da kwamfuta, za a tura mutane ƙasar waje su koyo, kusan shekara guda, sunana kuma yana ciki. Ku sani, babu abin da na taɓa so a aikin nan kamar wannan. Na karanta labarin kwamfuta a littattafai tun ba a san sunanta a Wudil ba, nakan zana yadda take aiki a bayan takardar rahoto don kaina kawai. Na gaya masa halin da nake ciki, na tambaya ko za a ɗaga mini zuwa wata shekara.

"Habu, ba ni ke ɗagawa ba," ya ce. "Kuɗin nan yau akwai, gobe ban sani ba. Wanda ya je ya je. Wanda bai je ba, in sababbin na'urori suka zo, mai da ruwan batir zai riƙa zubawa har ya yi ritaya. Ba ta da dangi ne?"

"Tana da su."

"To ka kai ta wurinsu mana. Shekara guda ce."

"In na kai ta, na san inda za su kai ta."

Ya ce in je in yi tunani. Na yi, ba kuma zan ce muku zuciyata ba ta raya mini tafiya ba. Har na kai ga tsara yadda zan roƙi kakanku ya yi mini alkawarin ba zai kai ta gidan mutumin nan ba. Amma na san shi, na san ya yi imani da gaske cewa can ne maganinta yake, ranar da ta sake yin wani abu kuma alkawari ba zai tsayar da shi ba. Da na shiga Kano na gaya wa Injiniya a ba wani. Bai yi fushi ba. Ya dai girgiza kai ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya kira sunan wani yaro da ni na koya masa riƙon ƙarfen narka dalma.

Daga nan rayuwa ta koma wani abu da ban san yadda zan kira shi ba. Inna ta kamu da ciwon ƙafa ta koma Lajawa. Da asuba in hura wuta in dama koko, in yi wa Nasiru da Sa'adatu wanka, in miƙa su gidan Malam Ilu wurin matarsa. In ba Rakiya magani, in tsaya sai na ga ta haɗiye. Sannan in ɗaura mata gyale, in ɗora ta a bayan babur, in ɗaure ƙugunta da nawa da rawani don kada ta zame, mu ratsa gari zuwa tasha. Mutane suna kallo. Na ji an ce Habu mai waya ya zama mijin tace, na ji an ce ƙarfen nan ne yake jawo iskoki daga sama ya sauke a gidana. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce fitar da matar aure kullum a bainar jama'a ba tarbiyya ba ce, in sake ta mana in huta, ko in kulle ta a ɗaki. Na ce na gode. A tasha nakan shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya inda zan iya hango ta ta taga, maigadi kuma yana zaune a bakin ƙofar shingen tashar. Haka za ta wuni, hannu a cinya, janareto yana ruri. In layi ya ɗauke ina aiki ido ɗaya a kan na'ura ɗaya a kan taga. Sau da yawa an yi mini faɗa daga Kano saboda jinkirin gyara, har aka rubuta mini gargaɗi. Da yamma mu koma, in tuƙa tuwo wanda Nasiru zai iya ba ku labarin gudajinsa.

Da aiki ya lafa nakan fito in zauna kusa da ita in yi karatu da ƙarfi kamar da. Ranar da na fara komawa ga akwatin na tarar gara ta shiga ta ƙasa, ta cinye fiye da rabi. Na ɗaga wani littafi sai bango kawai ya taso, cikin ya zama ƙasa. Na zauna a wurin na daɗe. Abin da ban yi ba ranar kogi, da ranar da aka tafi da Hadiza, da ranar da na mayar da tafiya, ranar na yi shi a kan takardu, na yi kuka, maigadi yana jina ya yi kamar bai ji ba. Na tsince waɗanda suka tsira, ba su fi a rungume a hannu ɗaya ba. Su na yi ta karanta mata, in an gama a sake. Ba ta cewa komai, ban ma san ko tana ji ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shiga ya fita. Wata rana da zafi, ina cikin karatu, sai na ji murya a gefena, a daƙile.

"Ka karanta wannan wurin jiya."

Na duba, gaskiyarta. Na ce to, na juya shafi. Ban dube ta ba don kada in tsorata abin.

Sauƙin bai zo gaba ɗaya ba. Yau ta yi magana, gobe ta koma shiru. Likita ya rage magani, ta fara share tsakar gida, ta karɓi muciya daga hannuna. Sannan ta fara tambayar ina yarinyar. Na ce tana Achika wurin Yaya Dije saboda rashin lafiyar da ta yi, ta kuma karɓi haka. Ba ta tuna kogi ba ko kaɗan, ni kuma na yi niyyar kada ta taɓa sani. Amma a gari irin namu ba a rufe irin wannan. Wata mata da ta zo yi mata barka da samun sauƙi ita ta faɗa mata, wai tana taya ta godiya ga Allah. Na dawo daga masallaci na same ta tsaye a tsakar gida.

"Malam, da gaske ne na shiga ruwa da ita?"

"Ba ki da lafiya a lokacin."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Da gaske ne."

Ta gyaɗa kai ta shiga ɗaki. Tun daga ranar har ta bar duniya ba ta sake zuwa bakin kogin Wudil ba, in kuma mota za ta hau gada da mu sai ta rufe fuska da gyale.

Waɗanda suka tafi koyo suka dawo da kwat da sababbin muƙamai. Yaron da aka ba gurbina ya zama shi ke zuwa duba aikina, yana kirana Malam yana jin kunya, ni ma ina jin kunyarsa. Sababbin na'urori suka iso Kano, ban taɓa sa musu hannu ba. Na roƙi littafin bayaninsu na karance shi daga farko har ƙarshe, na san kowane sashe da sunansa, amma aikina ya tsaya a inda Injiniya ya ce zai tsaya. Ba na faɗar wannan don ku ji tausayina. Na faɗa ne don masu cewa aiki ya sa na bayar da 'yata.

Ni nakan je Achika in gan ki, Hadiza, amma mahaifiyarki ba ta taɓa bi na ba, ta ce sai ta tabbata da kanta. Sai da kika isa yaye, likita kuma ya ce ba ya jin tsoron komai, sannan ta ce mu je mu ɗauko ki. Ta yi kitso, ta sa lalle, ta ɗinka miki 'yar riga, ta soya ƙuli-ƙuli da za a kai wa Dije. Muka tafi a babur da safe. Kakanku ya karɓe mu da murna, ya dubi 'yarsa ya ce alhamdu lillahi, bai ƙara komai a kan abin da ya wuce ba. Muka shiga ɗakin Dije. Kina tsaye kin riƙe gefen zanenta, kin yi ɓulɓul, da ɗan kunne da kwalli. Rakiya ta durƙusa ta miƙa miki hannu biyu. Kika dube ta, kika dubi hannun da ke rawa, kika koma bayan Dije kika ɓoye fuska kina kiranta Inna. Dije ta yi ƙoƙarin turo ki, kika fashe da kuka. Ta ɗauke ki tana jijjigawa, ita ma hawaye yana zuba, amma ta ce abin da ya kamata ta ce.

"Ga 'yarki nan, Rakiya. Amana ce, na kuma riƙe. Na haɗa kayanta tun jiya."

Kayan suna nan a bakin ƙofa, an ɗaure su a ɗankwali. Rakiya ta dube su, ta dubi ɗakin, babu wani yaro a ciki, babu alamar za a sake samu.

"Yaya, in na tafi da ita, wa zai rage miki?"

"Allah yana nan."

"Tana cin abinci sosai?"

"Tana ci. Ba ta son miyar kuka, sai kuɓewa."

"Da dare fa?"

"Sai ta riƙe kunnena take barci."

Rakiya ta miƙe tsaye. Sannan ta ajiye 'yar rigar a kan gado, ta ce, "A kwance kayan. Na ɗauke ta sau ɗaya ba da saninta ba na kusa hallaka ta. Ba zan sake ɗaukar ta tana kuka ba."

Na ce ta yi tunani, yaro yana sabawa, kwana kaɗan za ki manta. Ta ce ta sani, abin da ba ta so ke nan, a sa ki manta da uwa sau biyu. Kakanku da aka gaya masa ya ce magana tana hannuna, ni ne uba. Ina da ikon in saɓa ki a kafaɗa in fita, babu mai hana ni. Na dubi matan nan biyu, 'yan ɗaki ɗaya, na ga wadda ta fi kowa hakki ita ce ta haƙura. Na ce yadda ta ce haka za a yi.

Muka kamo hanya bayan azahar. Muka yi nisa da gari, gonaki dama da hagu an share ana jiran ruwa. Sai ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Ta sauka ta je gindin wata tsamiya ta zauna, ta juya mini baya. Ban bi ta ba. Na kashe babur na tsaya a bakin hanya ina ganin kafaɗunta suna motsi, babu sauti. Da ta gama ta share fuska da bakin gyale, ta dawo ta tsaya a gabana.

"Malam, ka lura da goshinta?"

"Na lura."

"Nawa ne, ko?"

"Naki ne sak."

Ta gyara gyalenta ta hau.

"To mu je," ta ce. "Yara ba su ci abinci ba."